Giram Biyu na Para

4 ga Fabrairu

Goggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau da kyau, da fatan gwiwar nan tana barin ki hau matakalar sito ba tare da kin tsaya a tsakiya kina salati ba. Ni lafiya ƙalau. Tari ya kama rabin ɗakin kwananmu, ni ma ya ɗan taɓa ni ya wuce.

Fotokwafin littafin aikinki ya iso, Allah ya saka da alheri. Mu goma sha huɗu malaminmu yake dubawa a aikin kammala karatu, ranar da ka same shi a ofis ka yi sa'a, don haka takardarki ce malamina yanzu. Abin da ya ba ni shi ne in haɗa para-buromo-nitirobenzin tun daga benzin, in tabbatar da shi, in rubuta rahoto. Da ƙawata ta ga takardar sai ta ce wannan rubutu ba na ɗakin gwaji ba ne, a bango ya kamata a rataye shi. Na ce mata shekara ashirin da shida ke nan duk kwalbar da ke siton kwalejinku hannunki ne a jikinta.

Na bi shafukan biyu ɗaya bayan ɗaya. Na farko bai wahalar da ni ba, na sami wani mai, rawaya, mai ƙamshin man goge takalmi, gyalena ya kwana biyu yana wannan ƙamshin. Na biyun ne ya kusa sa ni kuka. Buromin ya ƙi kamawa. Na zuba garin ƙarfe yadda kika rubuta, ya zauna yana kallona. Sai da na ɗora a wuta tun hantsi har la'asar, kwana biyu a jere, sannan ya yarda. Ina jin buromin namu ne ya tsufa, komai na nan tsoho ne, har mu ɗaliban. Amma dai na sami gari mai ƙyalli, na zuba a kwalba, na manna masa suna.

In kin je gida ki ce wa Baba don Allah ya daina gaya wa mutanen layin masu gyaran agogo wai ni likita ce.

Taki,
Mai Sunan Inna

15 ga Fabrairu

Zuwa ga Mai Sunan Inna,

Amin wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa mai yawa, ina yi miki sannu da tari, ki riƙa shan ruwan ɗumi. Gwiwa tana nan, mun saba da juna. Ita ta san matakala goma sha ɗaya ce, ni ma na sani.

Na je gidanku ranar Juma'a. Babanki yana lafiya, gilashin duba agogon nan a ido kamar da shi aka haife shi. Na isar da saƙonki. Ya ce to in ba likita ba ce mece ce. Na ce mai haɗa sinadari. Ya ce wannan ba ya shiga bakin mutanen layi, likita dai. Kin san tun da Inna ta ɗauko shi daga gidan baffanmu ta raine shi tare da mu, shi kuma ya sa miki sunanta, ba na iya ja da Yaya, kamar yadda ba na iya kiran sunanki.

Wasiƙarki sau uku na karanta, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Bari in faɗa miki yadda nake gaya wa ƴan aji ɗaya idan malami ya fita ya bar mini su. Zoben benzin kujeru shida ne a kewaye. Wanda ya fara zama shi ke nuna wa na biyu wurinsa. In buromin ya riga, na biyu yakan zauna ko dai a gefensa, shi ne oto, ko ya fuskance shi a kujera ta huɗu, shi ne para. Nitiro kuwa ba ya son maƙwabci. In shi ya riga zama sai ya kashe wa zoben jiki gaba ɗaya, mai zuwa sai an sha wuya kafin ya shiga, kuma kujera ta uku yake samu, a bar ɗaya a tsakani. Shi ne meta. Kayan haɗinsu ɗaya, amma ba abu ɗaya ba ne, shi ya sa sunansu ma ya bambanta.

Na san kin fi ni sanin wannan, ke kika zauna a aji, ni a bakin ƙofa na tsinta. Sai dai a hanyar da na aiko miki, bayan matakin farko ruwa ne garai mai nauyi, ba mai rawaya ba. Kuma ni ban taɓa roƙon buromin da wuta ba, mu ruwan sanyi muke ajiyewa kusa don kada ya yi gaggawa.

Don Allah kafin ki rubuta komai ki auna zafin da garin yake narkewa. Para sai ya kai digiri ɗari da ashirin da shida. In kin ga ya narke wajen hamsin da biyar, ki tsaya, ki ɓare takardar sunan nan, ki rubuto mini. Mai yiwuwa tsufa ne ke sa ni yawan zargi, in haka ne ki yi mini dariya, ba zan ji haushi ba.

Allah ya yi miki albarka.
Goggonki

2 ga Afrilu

Goggo,

Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya ke da gwiwa. Ni jikina lafiya.

Wasiƙarki ta Fabrairu jiya ta zo hannuna. Mai rabon wasiƙunmu ya yi jinya, ta kwanta a aljihun teburinsa wata ɗaya da rabi. Na karanta a tsaye, sai da na nemi wurin zama.

Na auna, Goggo. Tun kafin ki ce. Sau uku na auna: hamsin da biyar, hamsin da biyar, hamsin da shida. Na ce ma'aunin zafinmu ne ya lalace, tunda hanyar Goggo ba ta kuskure. Saura kwana biyu a rufe karɓar rahoto, masu jiran na'urar awon sun yi layi har ƙofa. Na buɗe littafin karatu na ga ɗari da ashirin da shida, na rubuta ɗari da ashirin da biyar don kada ya yi kyau da yawa. Na miƙa.

Makon jiya mai shara ta kwashe kwalabenmu daga tebur ta jera a kan tanderun busar da gilashi don ta goge. Na kowa ya zauna yadda yake, nawa ya zama ruwa. Malaminmu da ba ya shigowa, ranar ya shigo. Ya ɗaga kwalbar ya karanta sunan. Ya ɗora tafin hannunsa a kan tanderun, ya ɗan jima, ya ce, "Abin da hannuna ya jure, para ne ba zai jure ba?"

Ya kai ni gaban kwamiti. Tsoro ya sa na ce musu wadda ta narke ta ragowa ce, ainihin garin yana kulle a kabad ɗina. Sun ce in kawo ranar 6 ga Mayu a auna a gabansu. Sun hana ni shiga ɗakin gwaji har zuwa ranar, don haka ba halin in sake haɗawa. Wanda aka kama da ƙirƙirar lamba, kora ce.

Goggo, a kanta ta uku a sitonki akwai kwalbar para, na gan ta lokacin hutu, da rubutunki a jiki. Giram biyu kawai. Kwalbar cike take, ba wanda zai lura. Shekara huɗu na yi a nan. Ki tuna Baba. Ni dai abin da kika aiko na bi, shafin hagu sannan na dama, ko layi ɗaya ban tsallake ba.

Mai Sunan Inna

11 ga Afrilu

Mai Sunan Inna,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, babanki ma haka. Ban gaya masa komai ba.

Da na zo kan layinki na ƙarshe, inda kika ce shafin hagu sannan na dama, na tashi na ɗauko littafin. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tun ina shekara shida a gaban malam daga dama nake buɗe littafi. Da na koyi boko na juya hannuna a kan layi, amma ban taɓa juya shi a kan shafi ba. Littattafan aikina tara ne, duk daga bangon baya suka fara. Ba wanda ya taɓa karanta su sai ni, shi ya sa ban sa wa shafi lamba ba, kuma kowane shafi "ɗauki zoben" kawai nake cewa, don na san wane zobe nake nufi. Mai fotokwafi ya buɗe littafin ya kifa, shafi biyu suka fito a takarda ɗaya. Na dama shi ne na farko, na buromin. Ke kika karanta yadda duk ɗan makaranta zai karanta. Wannan laifina ne, ba naki ba, kuma zan faɗe shi a gaban duk wanda kika ce.

Lambar da kika rubuta kuwa, ba zan yi miki faɗa a takarda ba. Kin riga kin san nauyinta.

Ranar Laraba da ɗalibai suka tashi na hau sito. Na sauko da kwalbar. Na auna giram biyu. Na zuba a ƙaramar kwalba, na toshe, na ƙulle a bakin mayafina. Da ita na yi la'asar, ban san ko ta karɓu ba. Shekara ashirin da shida makullin nan yana wuyana, ko ƙwayar gishiri ban taɓa fita da ita ba. Mai gadi ya gaishe ni a ƙofa yadda ya saba, na kasa kallonsa.

Tana nan tare da ni. Ki ba ni ƴan kwanaki. Kada ki ƙara cewa komai a gabansu sai kin ji daga gare ni.

Goggonki

19 ga Afrilu

Goggona,

Ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya, ya bar mana ke. Yau ne na fara cin abinci ya zauna.

Kin auna, kin toshe, kin ƙulle. Na san ba za ki bar ni ba.

Jiya malaminmu ya kira ni ofis, ya rufe ƙofa. Ya ce shi ma yana da nasa laifin tunda bai duba aikina ba, in na faɗi gaskiya yanzu zai roƙi kwamiti a bar ni in sake aikin a lokacin hutu, magana ta mutu a nan. Na tuna kin ce kada in ce komai, amma wasiƙarki tana cikin jakata, ina jin ta a cinyata. Na ce masa abin da na rubuta shi na auna. Ya ce in rubuta haka in sa hannu. Na sa.

Kada ki bi ta gidan waya. Ki ba direban motar Talata, ki naɗe a cikin wani abu, zan tsaya a tasha.

Taki har kullum,
Mai Sunan Inna

27 ga Afrilu

Mai Sunan Inna,

Ina gaishe ki. Muna lafiya. Wannan ƙunshin ta hannun direban yake zuwa yadda kika ce, amma ki karanta takardar nan kafin ki kwance sauran. Babu garin a ciki.

Ban ce zan aiko ba. Na faɗa miki abin da hannuna ya yi ne, don ban iya ɓoye shi ba. Amma da na karanta amsarki na ga yadda maganata ta zama a idon wanda ke cikin tsoro, kuma ya kamata in san haka tun kafin in liƙe ambulan. Sau biyu ke nan ina aiko miki da takardar da ni kaɗai na san yadda ake karanta ta.

Na je tasha ranar Talata da kwalbar a mayafina. Har na gaisa da direban. Ba tsoron shugaban sashenmu ne ya dawo da ni ba. Na hango ki ne kina miƙa musu ita kina cewa ke kika haɗa, su auna, su sa hannu su biyar, a ba ki takardar shaida a kan haka, ki yi ta cin abinci da ita har ƙarshen ranki. Na juyo da ita.

Sai na ce to in mayar. Nan ma na tsaya da murfin a hannu. Abin da ya fita daga kwalba ba ya komawa, ni nake hana ɗalibai kullum, don ba ka san abin da ya taɓa a waje ba. In na mayar na ɓata ta kwalejin gaba ɗaya, kuma sunan da na rubuta a jikinta ya zama ban tabbata da shi ba. Ba ta aikuwa, ba ta mayuwa, ba ta zubuwa. Haka na yi ta yawo da ita.

Jiya na ajiye ta a teburin shugaban sashe na gaya masa komai. Ya cire tabarau ya ce, "Malama, ke?" Ya karɓi makullin, ya ce sai an zauna.

Ga abin da ke cikin ƙunshin. Littafin ne da kansa, su buɗe su gani. Da takarda zuwa ga kwamitinku, na yi bayanin shafukan, shugaban sashe ya buga hatimi cewa hannuna ne. Sai takardar suna ɗaya da na rubuta miki: 1-buromo-3-nitirobenzin. Buromo ya ɗauki ɗaya don harafinsa ke gaba, nitiro yana kujera ta uku. Ki manna a kwalbarki.

Abin da kika haɗa ba shara ba ne. Meta ne, kuma garin da ya narke a wuri ɗaya sau uku mai tsabta ne. Ke kaɗai, ba malami, da buromin da ya ƙi ki kwana biyu. Ni aikina na farko laka na samu. Ki shiga da shi da sunansa.

Ki yafe mini.
Goggonki

12 ga Mayu

Goggo,

Ina fatan kina lafiya. Ni ina nan.

Ban karanta takardar da farko ba. A tasha na kwance ƙunshin, na zazzage, na kama littafin ta baya ina girgizawa ko wani abu zai faɗo. Direban ya tambaye ni ko an sace wani abu ne. Na ce a'a.

Ranar shida ga wata na shiga da kwalbata, garin ya sake daskarewa a gefe ɗaya. Na manna takardarki, don ba ni da wata. Suka auna. Hamsin da biyar. Na ajiye musu littafin. Wata tsohuwar malama ta buɗe daga gaba ta ga farar takarda, ta yi ta juyawa, sai na ce mata ta baya ake farawa. Ɗaya daga cikinsu ya yi dariya, ya duba fuskata, ya daina.

Tsohuwar ta ce juyin shafi ba laifi ba ne, da na kawo musu hamsin da biyar ɗin a Fabrairu na yi bayanin dalili, da maki mai kyau zan samu. Sannan ta ɗauko takardar da na sa wa hannu a ofishin malaminmu ta ɗora a kan rahoton. Shi kansa bai ɗago ba har aka tashi.

Ba su kore ni ba, wai don na kawo da kaina. Dakatarwa ce ta shekara biyu, sannan in maimaita shekarar ƙarshe. Ƴan ajinmu suna gwajin rigar bikin yaye a ƙasan tagarmu. An ce in bar ɗakin kwana kafin ƙarshen wata.

Na san kin yi daidai. Duk wanda ya ji zai ce kin yi daidai, ni ce na rubuta lambar, ba ke ba. Amma da kin ce mini a'a tun a wasiƙar 11 ga Afrilu, kalma ɗaya, da na faɗa wa malaminmu gaskiya ranar da ya rufe ƙofa, da yanzu hutu ɗaya kawai na rasa. Kin tsaya kina auna naki zunubin, ni kuma ina jira a tasha.

Ban rubuta wa Baba ba. Ba zan iya bi ta layin masu agogo da akwati a ka ba. Ban san inda zan je ba.

Mai Sunan Inna

20 ga Mayu

Mai Sunan Inna,

Sallama da gaisuwa. Ina lafiya, alhamdu lillahi.

Abin da kika faɗa haka yake. Na san amsata tun ranar da na karanta roƙonki, na kasa rubuta ta don kada ki ƙi ni, sai na rubuta wani abu a madadinta. Ba ni da abin karewa.

An zauna a kaina. Ba su sallame ni ba, sun mayar da ni ɗakin wankin gilashi a ƙasa. Makullin yana hannun wani. Gwiwa dai ta huta.

Na je wurin babanki jiya, a shago, lokacin da layin ya yi shiru. Na fara da nawa, sannan naki, ban rage ba ban ƙara ba. Agogon wani yana buɗe a gabansa. Ya gama ɗaura ƙusoshinsa huɗu, ya rufe bayan, ya kara a kunne. Sannan ya ce, "Shekara biyu." Na ce da ta maimaici uku. Ya ce to. Ya ce kada in gaya wa kowa a layin, shi zai faɗa da bakinsa ranar da ya iya. Ya tambaya ko kina da kuɗin mota, ga shi nan a cikin ambulan. Bai raka ni ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Ki zo wurina. Ki hau motar Talata, ki sauka kafin a shiga kasuwa, hanyar baya ba ta bi ta layin. Ɗakin kin san shi, ƙarami ne, kuma na san ba ki son ganina yanzu. Na sayi yadi huɗu na labule mai kauri, kafinta ya buga mini ƙusa biyu a bango. Zan rataya shi a tsakiya. Ɓangaren taga naki ne. Ba sai kin gaishe ni ba.

Goggonki